Sashe na 91: ficewar Nijar daga ECOWAS da abin da ya rage a wuyan kowa

Ranar Lahadi 28 ga Janairu 2024, Kanar Amadou Abdramane, kakakin gwamnatin sojan Nijar, ya bayyana a gidan talabijin na ƙasa a Yamai, ya karanta sanarwar da aka karanta irinta a Bamako da Wagadugu a rana guda: Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda mutanen Nijar suka fi sani da CEDEAO, kuma ficewar ta fara aiki nan take. Kafin gari ya waye hedikwatar ƙungiyar da ke Abuja ta mayar da martani cewa babu wata takarda da ta iso gare ta a hukumance. Takardun sun iso a kwanakin da suka biyo baya. Daga nan aka buɗe gardamar da ta ci shekara guda cur a kan kalma biyu kacal, wato "nan take".

Asalin gardamar yana cikin yarjejeniyar da shugabannin yankin suka sabunta a Kwatano ranar 24 ga Yuli 1993, wadda ta maye gurbin ta Legas ta 28 ga Mayu 1975. Nijar na cikin waɗanda suka sa hannu a duka biyun. Sashe na 91 gajere ne ƙwarai. Ya ce ƙasar da ke son fita ta rubuta wa shugabancin ƙungiyar sanarwa, ta ba da wa'adin shekara ɗaya. Idan shekarar ta cika ba ta janye takardar ba, ta fita. Ya ƙara da cewa a tsawon wannan shekara dole ta ci gaba da bin dokokin yarjejeniyar, ta sauke duk nauyin da ke kanta. Bahaushe ba ya buƙatar lauya ya fassara masa wannan, domin ya san idda. An furta rabuwa, amma igiya ba ta gama tsinkewa ba, haƙƙoƙi suna nan, kuma ƙofar kome a buɗe take har ranar ƙarshe.

An taɓa bin wannan hanya. Muritaniya ta miƙa takardarta a Disamba 1999, ta jira shekararta, ta fita a Disamba 2000 ba tare da hayaniya ba. A 2017 kuma ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar saboda kasuwanci.

Abin da ya kai ga fushi

Ruwa ba ya tsami banza. Ranar 26 ga Yuli 2023 dogarawan fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin Bola Tinubu, suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi mai tsananin gaske: rufe iyakokin ƙasa da na sama, dakatar da duk wata hulɗar ciniki da ta kuɗi, riƙe dukiyar gwamnati da ke babban bankin yankin, da wa'adin mako guda a mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. A farkon Agusta Najeriya ta katse wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga nan yake zuwa. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana.

Mutanen iyaka ba za su manta wannan damina ba. Manyan motoci sun yi jerin gwano a Malanbil, a Illela, a Jibiya, a Maigatari. Albasar Galmi ta maƙale a hanya, a Gana kuma farashinta ya yi tashin gwauron zabo. Ƙungiyoyin agaji sun yi ta roƙon a ware magani da abincin yara daga takunkumin. A Oktoba gwamnatin Yamai ta zaftare kasafin kuɗinta da kusan kashi 40 cikin ɗari. A Najeriya ma ba a yi shiru ba. Majalisar dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi, Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka yi ta zirga-zirgar sulhu, Muhammadu Sanusi na II ya je ya gana da Tiani, haka ma ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau. Jihohi bakwai ne na Najeriya ke maƙwabtaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, a kan iyakar da ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma babu gidan da za a harba wa harsashi a wancan gefen da ba za a yi zaman makoki a wannan gefen ba.

Ranar 16 ga Satumba 2023 ƙasashen uku suka sa hannu kan yarjejeniyar Liptako-Gourma, suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES. Sanarwar Janairu ta biyo baya da zarge-zarge: ƙungiyar ta kauce wa manufar waɗanda suka kafa ta, ƙasashen waje ne ke juya ta, ba ta taimaka musu a yaƙi da 'yan ta'adda ba, sannan ta ɗora musu takunkumin da ya saɓa wa dokokinta.

Hujjar masu cewa babu idda

Mali ce ta fito da hujjar a rubuce, cikin wata wasiƙa a farkon Fabrairu 2024. Ta ce ECOWAS ce ta fara karya alkawari lokacin da ta rufe mata iyaka a Janairu 2022, ta hana ƙasar da ba ta da teku isa ga teku, don haka wa'adin sashe na 91 ba ya kanta. Hujjar ta dace da Nijar daidai wa daida, wataƙila ma fiye.

Kuma ba hujjar banza ba ce. Duk wanda ya karanta sashe na 77 na yarjejeniyar Kwatano zai ga irin hukuncin da aka lissafa wa ƙasar da ta saɓa: a dakatar da ba ta sabon rance, a hana ta tsayar da 'yan takara a muƙaman ƙungiya, a ƙwace mata ƙuri'a, a hana ta shiga harkoki. Sashe na 45 na ƙa'idar dimokuraɗiyya da kyakkyawan mulki ta 2001 shi ma bai wuce irin wannan ba. Ba a ambaci toshe hanyar hatsi ko kashe wutar asibiti a cikinsu ba. Masu kare ƙungiyar suna dogara da wata dokar ƙari ta 2012 da ta faɗaɗa nau'o'in hukunci, da kuma ikon taron shugabanni na yanke shawara. Amma ko a 2022, kotun UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yankin masu amfani da kuɗin sefa, ta ba da umarnin a dakatar da takunkumin da aka sa wa Mali, shugabanni suka yi biris har Yuli. Da Nijar ta kai ƙara kotun ECOWAS tana neman a sassauta, sai kotun ta ce a Disamba 2023 ba za ta saurari gwamnatin da ƙungiya ba ta amince da ita ba. Wato an hukunta ƙasa, sannan an rufe mata ƙofar alƙali. Ni dai a ganina wannan babban kuskure ne, domin ya bai wa masu son fita abin da suke nema: shaidar cewa a cikin gidan babu mai jin kukansu.

Akwai kuma abin da mutanen Maraɗi da Ƙonni ke tunawa wanda Abuja ba ta son a tuna mata. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ba tare da izinin kowa ba, makonni kaɗan bayan ta sa hannu kan yarjejeniyar cinikin bai-ɗaya ta Afirka a cikin Yamai ɗin kanta. Babu wanda ya sa mata takunkumi. Kafin nan ta rufe daga 1984 zuwa 1986, lokacin fari, har tsofaffi a Nijar suna kiran yunwar wannan zamani El-Buhari. A 1983 ta kori baƙi, shekara huɗu bayan an sa hannu kan ƙa'idar zirga-zirga ta 1979. Idan babbar ƙasa na ajiye yarjejeniya duk ranar da ta ga dama, da wane baki za a ce wa ƙarama sai ta cika kwanakinta?

Inda hujjar ta yi rauni

Duk da haka, "nan take" ba ta da gindin zama a doka. Yarjejeniyar Biyana ta 1969, wadda ita ce uwar dokokin yarjejeniyoyi tsakanin ƙasashe, ta yarda cewa babban saɓa alkawari daga wani ɓangare na iya zama dalilin dakatar da aiki da yarjejeniya. Sai dai ta shimfiɗa hanya. Wanda aka cuta zai sanar, ya jira aƙalla wata uku, idan an yi jayayya a nemi sasanci. Ba ta ba shi ikon zama mai ƙara kuma alƙali a lokaci guda ba. Ta kuma ce fita daga yarjejeniya ana yin ta ne yadda ita yarjejeniyar ta tsara, kuma fitar ba ta goge bashi ko haƙƙin da ya riga ya tabbata kafin ranar fita.

Sannan tambayar wa ya fara saɓawa ba ta tsaya a 30 ga Yuli, ranar da aka ƙaƙaba takunkumin, ba. Ƙa'idar 2001 ta haramta karɓar mulki ta hanyar da tsarin mulki bai yarda da ita ba, kuma Nijar ta amince da ita. Ranar 15 ga Disamba 2023 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin a saki Bazoum da iyalinsa. Nijar cikakkiyar mamba ce a ranar, hukuncin yana kanta, ba ta bi ba. Wanda ke kukan an take masa doka, ga shi da ƙafa a kan wata.

Abin da ya fi damuna bai shafi lauyoyi ba. Babu majalisar dokoki a Yamai ranar da aka yanke wannan shawara, tsarin mulki a dakace yake, ba a kuma yi ƙuri'ar raba gardama ba. Gaskiya ne dubban mutane sun fito tituna suna murna, kuma fushinsu na gaske ne. Amma gangami ba ya tambayar makiyayin da ke gangarawa kudu da rani, ko matar da ke kai tabarmi da daddawa kasuwar Mai'aduwa, ko ɗalibin da ke karatu a Sakkwato. Burtaniya ta yi ƙuri'a a Yuni 2016, ta miƙa takardar fita a Maris 2017, ba ta fita daga Tarayyar Turai ba sai 31 ga Janairu 2020, bayan an rubuta wa zai biya me, da matsayin mutanen kowane ɓangare da ke zaune a ɗaya ɓangaren, da yadda za a yi da iyakar Ailan. Duk da wannan dogon shiri rigima ba ta ƙare musu ba. Sashe na 50 na yarjejeniyar Turai aƙalla ya wajabta a zauna a tsara rabuwa. Sashe na 91 bai ce uffan ba a kan ranar da ke bayan ranar fita, kuma a nan ne babban ramin yake.

Shekarar jira

ECOWAS ta yi lissafinta daga 29 ga Janairu 2024, ta shiga lallashi. Bayan kiran da Janar Yakubu Gowon ya yi, wanda shi kaɗai ya rage da rai cikin shugabannin da suka kafa ƙungiyar, aka ɗage takunkumin Nijar ranar 24 ga Fabrairu. Najeriya ta buɗe iyakarta ta mayar da wuta a Maris, Nijar ta buɗe nata ɓangaren kwanaki kaɗan bayan haka. Amma ta bar gadar Gaya da Malanbil a rufe, tana zargin Binin da ɓoye masu shirya mata maƙarƙashiya. Kayan da a da ke zuwa daga Kwatano suka koma bi ta Lome da Burkina Faso cikin rakiyar sojoji, hanya mai nisa, mai tsada, mai haɗari. Rikicin ya taɓa har bututun mai na kusan kilomita 2,000 da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Binin. A Oktoba 2024 Yamai ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina ban da Mali da Burkina Faso. Duka wannan a cikin shekarar da sashe na 91 ya ce a ci gaba da bin dokokin ciniki da zirga-zirga.

A Yuli 2024 ƙasashen uku suka mayar da ƙawancensu tarayya a taron Yamai. ECOWAS ta naɗa Bassirou Diomaye Faye na Senegal da Faure Gnassingbé na Togo masu shiga tsakani, ba su samo komai ba. A taron Abuja na 15 ga Disamba aka tabbatar da ranar fita, aka ƙara wata shida na rangwame har 29 ga Yuli 2025 ko za su sake tunani. Suka ce ba su nema ba. A ƙarshe dai ranar da doka ta tsara ita duniya ta ɗauka: 29 ga Janairu 2025 mambobin ECOWAS suka koma 12 daga 15, fiye da rabin faɗin ƙasarta ya fita, da mutane kimanin miliyan 70.

Daga haƙƙi zuwa alfarma

A ranar fitar, hukumar ECOWAS da Omar Alieu Touray ke shugabanta ta roƙi sauran ƙasashe su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarin ECOWAS na mutanen ƙasashen uku, su bar su shiga ba biza, su zauna, su yi sana'a, su kuma ci gaba da karɓar kayansu ƙarƙashin tsarin ciniki marar haraji. Ta rufe da cewa haka za a tafi har sai an sake sanarwa. Su ma shugabannin AES tun tsakiyar Disamba sun ce 'yan ECOWAS na iya shiga ƙasashensu ba biza, tare da riƙe ikon hana duk wanda ba su so.

Wani zai ce to ai babu abin da ya canza. A bakin shinge, ranar 30 ga Janairu ta yi kama da ta 28. Abin da ya canza shi ne tushen da mutum ke tsaye a kai. Kwana 90 ba biza da ƙa'idar 1979 ta bayar, izinin wucewa da ɗanyen amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu ba haraji, takardar ƙetare iyaka da garke da aka tsara wa makiyaya a 1998, katin inshorar mota mai ruwan ƙasa da direbobi ke riƙewa, dukansu abubuwa ne da aka rubuta aka sa hannu. Ko da jami'in kwastan ko na duwan ya take su, kuma sun sha takewa, akwai takardar da za a ɗaga a ce ga abin da kuka yi alkawari. Yanzu sanarwa ce ke riƙe da su, sanarwa kuma wata sanarwar ce ke soke ta.

Nauyin wannan bai faɗa wa kowa daidai ba, kuma shi ne abin da masu gardama a rediyo suka fi tsallakewa. Nijar ba ta fita daga UEMOA ba, ba ta bar kuɗin sefa ba. Cinikinta da Togo, Binin, Kwaddibuwa, Senegal da Gini Bisau yana da wata rumfar da zai fake. Najeriya da Gana ba sa cikin wannan rumfa. Ke nan hanyar da ta fi zama a fili ita ce tamu, ta Nijar da Najeriya da Gana: raguna da raƙuma da wake da tattasai da ke gangarowa Maigatari da Illela da Dawanau, masara da gero da taki da kayan masana'anta da ke haurawa Maraɗi da Damagaram, da albasar da ke tafiya Akara da Kumasi a hannun 'yan zango. A Maris 2025 AES ta sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga waje, kwatankwacin wanda ECOWAS ke karɓa don gudanar da kanta. A Mayu, ana dab da Babbar Sallah, Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi. Tana da dalilinta na sauƙaƙa wa mutanenta farashin rago, amma dillalin da ya riga ya zuba kuɗinsa ba shi da wata yarjejeniya da zai kafa hujja da ita.

Akwai asarar da ba a auna ta da buhu. Tun 2005 kotun ECOWAS ke karɓar ƙarar talaka a kan gwamnatinsa kai tsaye, ba sai ya gama zagaye kotunan gida ba. A wannan kotu ce Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya, ta yi nasara a kan gwamnatin Nijar a Oktoba 2008, aka ce ƙasa ta gaza kare ta daga bauta, aka ba ta diyyar sefa miliyan 10, gwamnati kuma ta biya. Wannan hukunci ya zama abin misali a Afirka gaba ɗaya. Mace irinta a yau, idan kotunan gida suka juya mata baya, ƙofa ɗaya ta ragu a cikin waɗanda za ta ƙwanƙwasa.

Sauran lissafin rabon gida ne. Ma'aikatan ƙungiyar fiye da ɗari 'yan ƙasashen uku ne, an ba su takardar sallama. Hukumar lafiya ta yankin tana Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso a lokacin, dole aka nema mata sabon mazauni. Bankin raya ƙasa na ƙungiyar da ke Lome yana bin ƙasashen bashin ayyukan da ba a kammala ba, su kuma suna da hannun jari a cikinsa. Bashin nan ba ya faɗuwa da fita, kamar yadda ba ya faɗuwa da saki. Zaman farko na tsara duk wannan an yi shi a Bamako ranar 22 ga Mayu 2025 tsakanin Touray da ministocin harkokin wajen ƙasashen uku, kusan wata huɗu bayan an riga an rabu, kuma wata shidan rangwame suka cika ba a sa hannu kan takardar rabuwa ba.

Ban ga alamar kome nan kusa ba, kuma ina ganin ɓata lokaci ne a jingina rayuwar iyaka da ranar da Abuja da AES za su daidaita. Najeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tasu ta kansu tun 1971, mai mazauni a Yamai, ta girmi ECOWAS da shekara huɗu. A Afrilu 2025 ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Maitama Tuggar, ya je Yamai ya gana da takwaransa na Nijar, Bakary Yaou Sangaré, suka yi maganar farfaɗo da ita. A nan ya kamata a rubuta, a sa hannu, abin da yanzu ke rataye a kan sanarwa: shiga ba biza, hanyar garke, harajin hatsi da dabba, wa'adin da za a bayar kafin a rufe iyaka ko a hana fitar da kaya, da sharaɗin cewa wutar layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa ba za a sake kashe ta saboda rikicin siyasa ba. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Kafin jirgin farko ya iso iyaka, fasinjan da ke ciki na buƙatar sanin wace takarda za a tambaye shi, da wanda zai kai wa ƙara idan aka sauke shi.